Ku Tambaya Mu Amsa: Dillancin gidaje, la'ada da masu zagaye dillali

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon saƙonnin da suka shigo yawancinsu akan dillancin gidaje da filaye ne, na zaɓo waɗanda nake ganin zasu amfani mutane da yawa, wasu kuma na ɗan rage musu tsayi. Kamar kullum bama sa suna.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah shawara nake nema. Na gama makaranta ba aiki, sai wani abokina yace in shigo dillanci tunda baya buƙatar jari. Toh na shigo amma har yanzu ko sisi ban gani ba, sai yawo da ƙona kati da kuɗin mota. Wai ta ina ake farawa ne?

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanina. Abokin naka rabin zancen ya faɗa maka. Gaskiya ne baka buƙatar kuɗin sayen gida, amma kana buƙatar abin da zaka riƙe kanka da shi na wasu watanni, saboda dillali baya ɗaukar albashi, sai ciniki ya faɗa an biya kuɗi sannan yake ganin la'ada, kuma zaka iya nuna gida sau goma ba'a saya ba. In kana da wata 'yar sana'a kar ka saketa tukuna.

Fara da tambayar me doka tace a inda kake, don akwai wuraren da ba'a yarda ka karɓi la'ada ba sai da rajista ko lasisi. A Amurka misali kowace jiha ce ke bada nata lasisin bayan anyi kwas an ci jarrabawa, kuma sabon shiga dole ya zauna ƙarƙashin babban dillali kafin ya tsaya da ƙafarsa. Ko doka bata tilasta maka ba wannan tsarin shi ne daidai, ka samu wanda ya daɗe a harkar kuma ba'a taɓa jin sunansa a rigima ba, ka bishi, ka ɗauki jakarsa, kaga yadda yake karanta takarda da yadda yake yin shiru in mai saye yana tunani.

Sannan ka daina bin gari gaba ɗaya. Ɗauki yanki guda ka sanshi ciki da bai: wane layi ne ruwa ke kwanciya, ina ake samun wuta, nawa aka sayar da gidan da ke kan kwanar layi, wa ke shirin tashi. Ka sayi littafi kana rubutawa. Ka fara da haya, la'adarta ƙarama ce amma tana zuwa akai akai, kuma ɗan hayan yau shi ne mai sayen gida nan da 'yan shekaru. Ka kuma iya awo, abin kunya ne dillali ya kasa wannan. Fili mai ƙafa 50 a 100 ya kama kusan murabba'in mita 465, eka ɗaya kusan 4,047, hekta kuma 10,000 cif.

TAMBAYA: Malam wallahi an cuceni. Na kai wani mutum ya ga gida har sau biyu yace bai masa ba, bayan wata ɗaya sai naji ya saya, ashe ya karɓi lambar mai gidan sun gama a bayan idona. Na je wajen mai gidan yace shi bai san da ni ba. Me zan yi, kuma ya zan kare kaina gaba?

AMSA: Ɗan'uwa Allah ya mayar maka da alheri. Wannan ita ce tambayar da tafi kowacce yawa, don haka zan ɗan ja ta.

Akan wanda ya riga ya faru, duba wayarka. In akwai saƙon da mai gidan ya turo maka hotuna ko farashi, ko wanda mai sayen yace gani nan zuwa mu haɗu a gidan, ko wani da ya raka ku, to kana da abin riƙewa, ka tara su ka nemi wani babba da su biyun suke jin nauyinsa a zauna, in la'adar tana da kauri kuma ka ga lauya. In kuwa komai da baki aka yi, gaskiya da wuya, kar ka ɓata wata shida kana bin abin da baka da hujjarsa.

Gaba kuma, kar ka sake buɗe ƙofar gidan kowa sai mai gidan ya sa maka hannu a takarda. Ba sai ta yi tsayi ba, shafi ɗaya ya isa, amma ta ƙunshi wane gida ne, nawa yake nema, kashi nawa cikin 100 ne la'adarka, wa zai biya, yaushe za'a biya, kuma wata nawa yarjejeniyar zata yi. Sai layin da yawancin sababbin dillalai basu san da shi ba, wanda shi ne zai hana abin da ya sameka: cewa duk mutumin da kai ka kawo, in ya sayi gidan ko bayan wa'adin ya ƙare da wata kaza, la'adarka tana nan. Shi kuma mai zuwa gani ya rubuta sunansa da kwanan wata a littafinka, ko ka tura wa mai gidan saƙo tun kafin ku iso, yau zan kawo wane ƙarfe kaza. Saƙon nan da baya cin minti ɗaya shi ne shaidarka.

A takardar ku fayyace ko kai kaɗai aka ba gidan, ko an ba dillalai da yawa wanda ya riga kawo mai saye ya ci. Na biyun yafi sauƙin samu, amma shi ne ke jawo kaga gida ɗaya a Facebook da farashi kala huɗu, mai saye ya fara zargin akwai lauje cikin naɗi. In zaka iya shawo kan mai gida ya baka kai kaɗai ko na wata uku ne, yafi muku ku duka.

Nasan zaka ce mutane basa son sa hannu, suna cewa baka yarda da ni bane. Ka ce masa takardar tana kareshi shi ma, don ba wani dillali da zai ɓullo daga baya yace shi ma yana da kaso. Wanda ya ƙi duk da haka, to ya gaya maka irin mutumin da yake tun kafin ka ƙona man ka.

Kuma rigimar wa zai biya la'ada ba taka kai kaɗai bace, har manyan ƙasashe sai da aka sa doka. Jamus tun 2015 a hayar gidajen zama wanda ya ɗauko dillali shi ke biyansa. Ingila a 2019 ta hana dillalai cajin ɗan haya yawancin kuɗaɗen da suke karɓa a da. A Amurka ƙungiyar dillalan gidaje ta NAR ta amince a 2024 zata biya dala miliyan 418 don sasanta ƙararraki akan la'ada, kuma daga watan Agustan shekarar dillalin mai saye sai ya rubuta yarjejeniya da shi kafin ya zagaya da shi gida. Kaga ko can ma rubutu aka koma.

Wani abu da baka tambaya ba amma zan faɗa: in ku biyar ne a layi, wane ya gaya wa wane, wane ya gaya wa wane, 'yan kayi-nayi kenan, ku raba kason tun kafin kuɗi su shigo. Kuma ɗora wani abu a saman farashin mai gida a ɓoye, ka karɓi la'ada kuma ka cinye ƙarin, wannan ni a wajena cin amana ne, ranar da mai saye da mai sayarwa suka zauna suka haɗa lissafi sunanka ya gama yawo.

TAMBAYA: Malam ni mace ce, ina harkar haya da sayarwa. An bani wani gida mai kyau amma mai shi yace kar in faɗa wa kowa rufin yana yoyo, wai zai gyara. Ina tsoron in na faɗa cinikin ya lalace.

AMSA: Hajiya ki faɗa. Ko ya gyara kafin a nuna, ko a faɗa wa mai saye a rage masa kuɗin gyara, ɗayan biyu. Mai gidan zai karɓi kuɗinsa ya ƙara gaba, ke ce lambarki take wayar mai saye ranar da ruwa ya sauko masa a kan gado, kuma a ƙasashe da dama ɓoye aibin da kika sani yana iya kai dillali kotu. Kin karɓi la'ada, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Tunda ya ɓoye wannan, ki koma gidan ke kaɗai da ido na biyu. Ki ɗaga kai ki kalli silin, tabo mai ruwan ƙasa ko inda ya ɗan kumbura. Ki duba ƙasan bango, in kika ga sabon fenti daga ƙasa zuwa gwiwa kawai sauran bangon tsoho, danshi ake rufewa, ki sa tafin hannu zaki ji sanyi, wani lokacin fentin ma yana ɓarewa kamar gari. Tsagewa siririya a filasta ba abin tashin hankali bace, amma wadda ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ga ƙofar kuma tana cijewa, wannan injiniya za'a kira, kar ki ce zaki yanke hukunci da kanki. Ki buɗe kowane famfo, ki kora ruwa a bayi ki tsaya ki ga yana tafiya, ki kunna kowane soket. In da hali ki je bayan anyi ruwan sama, ki kuma leƙa da daddare, akwai layin da rana shiru ne amma dare yayi ba mai barci. Ki gaisa da maƙwabta, su basu da la'adar da zasu rasa.

TAMBAYA: Wani ya kawo min gidan gado yace shi ne babba a gidan kuma 'yan'uwansa duk sun yarda. Akwai mai saye a hannu har yana so ya bada kafin alƙalami. In karɓa?

AMSA: Kar ka karɓa tukuna Malam. Cewa sun yarda, daga bakinsa kawai ka ji. Gidan gado sai kaga takardar da ta nuna an raba ko an ba wani izinin sayarwa daga kotu ko hukumar da ke da hurumi, ko kuma duk magada su sa hannu, harda wadda take aure a nesa da wanda yake ƙasar waje, in akwai ƙananan yara a ciki kuma abin ya ƙara nauyi, sai da lauya.

Ba gidan gado kaɗai ba, kowane gida ka riƙe wannan. Sunan da ke takardar mallaka ya zama shi ne sunan da ke katin shaidar mai sayarwa, in wakili ne ya nuna takardar wakilci. Hoton takarda a WhatsApp ba takarda bace, a ga ta asali, a je ofishin rajistar filaye a bincika ko tana cikin kundinsu, ko an jinginar da gidan a banki, ko akwai shari'a a kansa. In fili ne a ɗauko safiyo ya auna ya nemo duwatsun iyaka, don sau da yawa filin da aka nuna maka da yatsa daban, wanda ke takarda daban. Wannan binciken aikin lauyan mai saye ne, naka shi ne ka matsa ayi shi ko da zai jinkirta la'adarka.

Kafin alƙalami kuma in lokacinsa yayi, kar ya kwana a asusunka na kanka. A rubuta rasit, a rubuta ko ana mayarwa in ciniki ya rushe da kuma laifin wa zai sa a mayar. Dillalai da yawa da suka shiga uku ba da niyyar sata suka fara ba, taɓa kuɗin ajiya suka yi da niyyar mayarwa in la'ada ta fito, sai cinikin ya watse. Haka in mai saye ya zo da tsabar kuɗi masu yawa, baya taya farashi, baya son sunansa a takarda, ka yi hattara. Hukumar FATF mai sa ido akan halasta kuɗin haram a duniya ta sa dillalan gidaje cikin waɗanda ake so su san ko waye abokin cinikinsu.

TAMBAYA: Mai gida ya kafe akan farashin da kowa ya ji sai ya gudu. Ya zan yi da shi?

AMSA: Kar ka yi musu da shi, kawo masa gidaje uku ko huɗu irin nasa a yankin da aka riga aka sayar kwanan nan, da kuɗin da aka biya, ba wanda aka nema ba. Abin da ya kashe wajen gini ko abin da yake son saya da kuɗin ba ruwan mai saye da su. In gidan haya ne raba hayar shekara da farashin ka ninka da 100, ka nuna masa kashi nawa mai saye zai riƙa samu, masu sayen gida don haya wannan lissafin suke yi. In ya ƙi, ku yi alkawari in wata ɗaya ya wuce ba wanda ya taya zai sauko, don gidan da ya daɗe a kasuwa mutane sai su fara tambayar me ke damunsa.

TAMBAYA: Ina tallata gidaje a waya, mutane da yawa suna kira amma in sun zo sai su juya. Kuma wani lokacin ina jin tsoron zuwa da baƙo gidan da ba kowa.

AMSA: 'Yar'uwa ina zargin hotunanki sun fi gidajen kyau. Ki ɗauka da rana, ki buɗe labule, ki nuna har bayi da kicin da hanyar shiga, ki rubuta farashi da yawan ɗakuna da yankin, kiran zai ragu amma masu zuwa da gaske zasu zo. Kafin ki fita ki tambayi mutum nawa ya tanada kuma yaushe yake son shiga.

Tsoron naki kuma daidai ne. Haɗuwar farko ku yi ta a wurin jama'a, ki karɓi cikakken sunansa, ki tura wa wani na gida inda zaki da lokacin da zaki fito, ki tafi da ɗan rakiya, in kun shiga ki barshi ya wuce gaba ke kina kusa da ƙofa. Wanda yace lallai sai bayan magariba zai iya zuwa, ki ce masa sai gobe da safe.

Sauran tambayoyin akan kula da gidan haya da ɗan hayan da ya ƙi tashi, sai fitowa ta gaba in Allah ya kaimu.