Wa ke da ikon ɗauke fasto a ikilisiyar Methodist?

Tambaya: Ni ɗan Baptist ne, maiɗakina kuwa a Methodist ta tashi. Kwanan baya aka ɗauke faston cocinsu zuwa wani gari, alhali jama'a na ƙaunarsa, kuma ba a yi shawara da su ba. A wurinmu ikilisiya ce ke kiran fastonta. Wa ke da wannan iko a Methodist, kuma yaya tsarin shugabancinsu yake?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ka gani ba fin ƙarfi aka yi musu ba, haka tsarin yake tun fil azal. A Methodist fasto ba na majami'a ɗaya ba ne. Babban taron ikilisiya, wanda ake kira Konfarens, shi ne ya karɓe shi aiki, kuma a ƙarƙashin dokarsa ake tura shi duk inda ake bukata. Tun ranar da aka keɓe shi ya amince da haka.

Abin ya samo asali ne daga John Wesley, wanda ya kafa Methodist. Da kansa yake rarraba masu wa'azinsa a Ingila, ba ya kuma barin mutum ya daɗe a wuri guda. A 1744 ya kira taron farko a Landan, sannan a 1784 ya rubuta takardar doka ya ambaci masu wa'azi ɗari a matsayin Konfarens. Da ya rasu a 1791, taron nan ne ya gaje shi, ba wani mutum ba. Shi ya sa har yau cocin Methodist ta Birtaniya ba ta da bishop. Shugaban Konfarens shekara ɗaya yake yi ya sauka, mataimakinsa kuma ba fasto ba ne. Mutanen Amurka ne suka soma kiran shugabanninsu bishop, Wesley ma sai da ya rubuta wa Francis Asbury, jagoran Methodist na Amurka, wasiƙa yana yi masa faɗa a kan laƙabin.

Daga ƙasa, tsarin yana farawa da aji. A Bristol aka ƙirƙiro shi a 1742, lokacin da aka kasa mabiya kashi-kashi, kimanin mutum goma sha biyu, kowa na ba da kwabo guda a mako don biyan bashin ɗakin sujada. Mai bin gida-gida yana karɓar kwabon nan sai ya zama shi ya san wanda ba shi da lafiya, da wanda ya daina zuwa sujada, da gidan da ake rigima. Shugaban aji ke nan, kuma a ganina babu muƙamin da ya riƙe Methodist kamarsa. Azuzuwa su ne majami'a, inda akwai zaɓaɓɓun mutane masu kula da baiko da gini da jin daɗin fasto. Majami'u da dama su haɗu su zama kewaye ɗaya ƙarƙashin babban fasto. Ran Lahadi, ƙauyukan da fasto bai kai gare su ba, masu wa'azin sa-kai ne ke hawa bagade, galibi malaman makaranta ko manoma da aka horar.

Daga nan sai ka tambayi maiɗakinka wace Methodist ce tasu, domin ba ɗaya ba ce a Najeriya. Methodist Church Nigeria daga Birtaniya ta fito. Ɗan mishan Thomas Birch Freeman ya sauka Badagry a 1842, cocin ta samu cin gashin kai a 1962. A 1976 ta ɗauki tsarin bishop-bishop, Farfesa Bolaji Idowu ya zama shugaba da laƙabin Patriarch. Wasu suka ce an kauce wa turbar Wesley, aka rabu, ba a daidaita ba sai a 1990, laƙabin ya koma Prelate. Yanzu kewaye-kewaye ne ke haɗuwa su zama dayosis ƙarƙashin bishop, sama da shi akwai akbishop, sannan Prelate a Legas, wanda tun 2022 Oliver Ali Aba ne. Kowane bishop akwai shugaban 'yan ikilisiya a gefensa, mutumin da ba fasto ba, haka ma Prelate.

Ta biyun ita ce United Methodist, mai ƙarfi a Taraba, wadda ta tsiro daga aikin mishan a ƙasar Muri, ta zaɓi bishop ɗinta na farko, Done Peter Dabale, a 1992. Tsarinta na Amurka ne. Babban taro na duniya yana zama duk shekara huɗu, rabin wakilai fastoci, rabi 'yan ikilisiya, kuma shi ke yin dokar da ta shafi dukan ikilisiya. Bishop yana jagorantar zaman amma ba ya jefa ƙuri'a. Akwai kuma majalisar shari'a mai mutum tara. Sai dai wajen tura fasto bishop ne wuƙa da nama, bayan ya yi shawara da masu kula da gundumomi, da faston, da kwamitin majami'ar.

Amfanin wannan tsari a fili yake: ƙauyen da ba zai iya ɗaukar nauyin fasto ba yana samu, kuma ba faston da zai mai da coci gadon gidansu. Illarsa, wanda ke riƙe da canjin wurin aiki shi fastoci ke tsoro, ko me doka ta ce. Ga shi gine-gine amana ce ta dukan ikilisiya, ba mallakar majami'a ba, abin da ya sa rabuwar 2024, lokacin da Bishop John Wesley Yohanna na United Methodist ya koma Global Methodist, sabuwar ikilisiyar da ta ɓalle daga cikinta, ta zo da taƙaddama a kan kadarori.

Idan mutanen cocin maiɗakinka na da ƙorafi, su rubuta ta hannun shugabannin majami'arsu zuwa ga babban faston kewaye ko mai kula da gunduma, shi ya miƙa wa bishop. Ya fi kyau a yi haka kafin a fitar da jerin canje-canje, don da wuya a janye suna bayan an sanar.