Kada mai gyara ya haɗa maka da tsohon ciwo

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, sannu da arziki, Allah Ya kiyaye gaba. Idan na fahimce ka, an ɗan gogu ne a gosulo, bambarka ta fashe, ka sanar da kamfanin inshora, maimakon a biya sai aka turo maka wani mutum yana ta jero tambayoyi kamar ɗan sandan ciki. Shi kuma mai gyaranka yana cewa a cusa lotsewar ƙofar baya wadda ta daɗe cikin lissafi, tunda kamfani ne zai biya. Kana tambaya ko ka ba mai binciken haɗin kai, ko kuwa hanyar hana ka kuɗi suke nema.

Ka ba shi haɗin kai, maganar ƙofar baya kuma ka soke ta tun yau. Na bi wannan hanyar a 2023, bari ka ji yadda ta kaya.

Motata bashin ofis ce, sharaɗin bashin shi ne sai da cikakkiyar inshora, wadda ke gyara taka ta kuma gyara ta wanda ka buga. Ba don haka ba da tad-fati zan yi kamar kowa, wato wadda ke biyan ɓarnar wanda ka buga kawai, in jefa takardar a aljihun mota saboda masu tsare hanya. Wata Alhamis da yamma a Titin Zariya, dab da gadar Dangi a Kano, mai adaidaita sahu ya yanko, mai Golf da ke gabana ya taka birki, ni kuma na daki bayansa. Fitilata ta dama ta tarwatse, bamba ta tsage. Shi but ɗinsa ya ɗan lotsa, fitilar baya guda ta fashe. Nan take jama'a suka taru, kowa na cewa ku yi haƙuri, ku sasanta, ku ba mutane hanya. Na fito ina rantsuwa laifina ne, na zaro dubu 20 na ba shi, babu rubutu babu shaida, muka yi musabaha. Wannan shi ne babban kuskurena, domin a cikin takardar inshorar, wadda ban taɓa karantawa ba sai bayan nan, an rubuta ƙarara cewa kada ka amsa laifi ko ka yi sulhu da kowa ba da sanin kamfani ba. Abin da ya cece ni ƙanena ne da ke kujerar gaba. Kafin mu matsar da motocin ya ɗauki hotuna ta kowane gefe, har da bidiyon mai Golf ɗin yana tayar da motarsa yana tafiya lafiya lau.

Bayan kwana goma sai ga mutumin ya aika wa kamfani takardar kuɗin gyara. Ban da but da fitila, akwai giya, akwai ƙafar baya, akwai ma takardar asibiti ta ciwon baya. Daga nan aka turo mai bincike.

Dattijo ne mai sanyin magana, da ɗan littafi da tef ɗin awo irin na teloli a aljihu. Ya same ni a garejin da na ajiye motar. Bai fara da ni ba, da motar ya fara. Ya durƙusa ya auna tsayin bambata daga ƙasa, ya rubuta, ya ce zai je ya auna inda Golf ɗin ta lotsa ya gani ko sun yi daidai. Sannan ya zagaya baya, inda nake da wani tsohon ƙwarzane a madigadi. Ya sa farce ya kankare wurin, ya nuna mini ɗan yatsansa ja da tsatsa, ya dube ni ya ce, "Alhaji, wannan ba na makon jiya ba ne ko?" Na ce ba na makon jiya ba ne, kuma ban sa shi a lissafi ba. Sai ya yi murmushi ya wuce.

Kwana biyu kafin wannan, mai gyarana ya ba ni irin shawarar da naka ya ba ka, kusan kalma da kalma. Wallahi sai da zuciyata ta raya mini. Abin da ban tuna ba a lokacin shi ne, ranar da aka yi mini inshorar an zo an ɗauki hoton motar gaba da baya da gefe, kuma hotunan nan suna cikin fayil ɗin dattijon. Kai ma idan cikakkiya ce taka, da wuya a ce ba a ɗauki naka ba. Kuma kada ka zaci idan an kama ka ƙofar kawai za a cire a biya sauran. Akwai sharaɗin da ke cewa duk buƙatar biyan da aka saka ƙarya a ciki ta faɗi gaba ɗayanta. Ka rasa kuɗin bambar da ke haƙƙinka saboda ƙofar da fenti da ɗan bugu za su gyara. Ban da cewa kuɗin ba halal ba ne, balle idan takaful kake yi, wato inshorar Musulunci, inda asusun na sauran mahalarta ne irinka.

Tambayoyinsa kuwa za su gundure ka. Ni sau uku ya tambaye ni ƙarfe nawa abin ya faru, kowane karo ta wata fuskar: daga ina na taso, na yi la'asar ko ban yi ba, rana tana ina. Ba cin fuska ba ne, so yake ya ga ko labarin zai canza. Saboda haka zauna yau ka rubuta abin da ya faru a takarda guda, da rana da lokaci da wuri da wanda ke tuƙi, kada ka ƙawata. Abin da ba ka tuna ba ka ce ba ka tuna ba, ya fi ka ƙirƙiro amsa yau gobe ka manta da ita. Hotuna kuma ka tura su yadda suke daga wayar da ta ɗauka, kada a yanke ko a gyara, domin ranar da lokacin suna manne da hoton. Zai nemi lasisinka ya ga ko yana aiki a ranar da aka yi karon. Zai tambaya ko kana ɗaukar fasinja da motar. Idan inshorar ta motar gida ce kai kuma kana kabu-kabu da ita da yamma, a nan ne ake samun matsala ta gaske. Ka nemi ganin katin shaidarsa, ka buga wa kamfani ka tabbatar su suka aiko shi. Kuma kada ka ba shi na goro, ko kuɗin mai ne. Ranar da magana ta lalace, wannan goron sunansa cin hanci.

Rahoton 'yan sanda ya ba ni wahala saboda ban je a ranar ba, sai da na yi sawu uku sashen kula da haɗarin mota. Idan ba ka karɓi naka ba, gobe da safe ka tafi.

Ta ɓangaren kuɗi, kada ka sa ran abin da mai gyara ya rubuta shi za a ba ka. Mai kiyasin kamfani ya san farashin kayan mota a kasuwar Ƙofar Ruwa kamar yadda ka san hanyar gidanku. Ni an rubuta sabuwar fitila, ya mayar da ita 'yar Kwatano, ya ce motar ba sabuwa ba ce. Sannan aka cire kason da aka yi sharaɗin ni zan ɗauka daga aljihuna a kowane haɗari, wanda shi ma yana cikin takardar. Dubu 20 ɗina kuwa ta tafi, suka ce ba su suka aike ni ba, kuma da gaskiyarsu. A ƙarshe za su kawo maka takardar sallama ka sa hannu cewa ka gamsu. Ka karanta adadin da kyau, domin da ka sa hannu an rufe magana. Kada kuma ka bari a fara gyara kafin su ba da izini a rubuce.

Idan ka ba su duk takardu suka ci gaba da yi maka jeka-ka-dawo, ka daina bin su da kiran waya. Rubuta wasiƙa ko imel mai ɗauke da lambar fayil ɗinka, ka riƙe kwafi. In ba su motsa ba, hukumar NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafi, ita ce ke ba su lasisi, kuma ambatonta kaɗai a wasiƙa yana sa a ɗaga waya.

Ga 'yan'uwa masu tad-fati da ke karantawa: tun Janairun 2023 kuɗinta na motar gida ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000, tana biyan ɓarnar dukiyar wanda ka buga har naira miliyan 3, amma ko ƙusa ba ta saya wa motarka. Ku sa lambar motarku a rumbun NIID, wato shafin intanet na bayanan inshorar Najeriya, ku gani ko takardar ta gaske ce, don akwai na bogi da ake bugawa a bakin ofisoshin lasisi.

Ni nawa ya ɗauki mako bakwai kafin kuɗi su shigo. Mai Golf an biya shi but da fitila. Giya da ciwon baya kuwa, tun ranar da dattijon ya nuna masa bidiyon ƙanena bai sake tayar da maganarsu ba.