Amsa ga Malama kan zaɓen shugabannin ɗalibai a firamare

Wa'alaikumus salam Malama. Kin ce hedimastanku yana son a daina naɗa shugabannin ɗalibai daga ofis, a bar yara su zaɓa da kansu, amma malamai na fargabar kada su ɗauko masu surutu da 'yan gata. Na daɗe ina koyarwa a firamare a cikin garin Gombe, kuma da hannuna a irin wannan zaɓe, don haka ga abin da na gani.

Ku yi zaɓen, amma kada ku yi ƙato bayan ƙato. Manya ma da aka yi musu shi a zaɓukan zamanin mulkin Babangida, ai da shekarunsu da ƙarfin halinsu suka shiga layi. Yaro ɗan shekara tara ba zai iya tsayawa bayan wani ba alhali babban ɗan ajinsu da ke raka shi gida ta unguwar Jekadafari yana kallonsa. Haka ɗaga hannu a filin asambuli: yara malami suke kallo, duk wanda fuskarsa ta saki a kansa, shi za su bi. Kwalin taliya da aka huda samansa ya isa akwati. A yanka takardu, hedimasta ya buga hatimi a bayan kowace, a kira yara da rajistar aji ɗaya bayan ɗaya. 'Yan aji ɗaya da biyu ku bar su su zaɓi monitansu kawai. Daga aji uku zuwa sama su yi babban zaɓe, kuma saboda waɗanda karatunsu bai nuna ba, kowane ɗan takara a ba shi alama: fitila, ƙwallo, littafi. Ku guji alamar kowace jam'iyya, iyaye ba sa ɗaukar wannan da wasa.

Aikin malamai yana kafin ƙuri'a ne, wajen tantancewa. Ku duba zuwa makaranta a kan lokaci, tsafta, da yadda yaro ke mu'amala da ƙanana. Ba dole sai wanda ke zuwa na ɗaya ba. Sau da yawa yarinyar da ke tsakiya a jarrabawa ita ce ke raba faɗa a lokacin tara. 'Yan takara su fito daga aji biyar a zango na uku, domin 'yan aji shida hankalinsu ya koma kan jarrabawar shiga ƙaramar sakandare. Da zarar kun amince yaro ya tsaya, to kun amince ya ci. A nan ne makarantu da yawa ke ɓata abin: a kwashi kwali a shiga ofis, a fito da sunan da aka ga dama. Yara ba wawaye ba ne, kafin a tashi sun gama lissafi a tsakaninsu. A zazzage ƙuri'u a kan tebur a gabansu, kowane ɗan takara da wakilinsa, ana ɗagawa ana kiran alama, wani malami na ja a allo da alli. Ku gayyaci mutum biyu daga kwamitin al'umma mai kula da makaranta (SBMC) ko ƙungiyar iyaye da malamai su zauna su gani, hakan na rufe bakin uban da zai zo gobe yana cewa an yi wa ɗansa maguɗi.

Sayen ƙuri'a kuwa, kada ki yi mamaki, za ki gan shi. Na ga yaron da ya cika aljihu da alawa, wata kuma mahaifiyarta ta soya mata awara ta raba wa ƙawaye. Abin dariya ne, amma ku faɗi doka tun ranar farko: wanda aka kama ya fita daga takara. Kamfen ya tsaya ga minti biyu a asambuli, da Hausa ko Turanci, wanda yaro ya fi sakewa da shi.

Sai batun bulala. Kada a ba firifet ko monita ikon duka ko sa gwale-gwale, nasa shi ne rubuta suna ya kai wa malamin da ke kan aiki. A ba kowa aikin da ake gani: wannan ƙararrawa, wannan shara da randar ruwa, wannan tsallakar da ƙanana titi idan an tashi. A ƙarshen kowane zango ku zauna da su ku ji, wanda ya yi sakaci a ja masa kunne, idan ya maimaita wanda ya zo na biyu a zaɓe ya karɓa.