Hukuncin tsohon karen gadi da ya rame

Tambaya: Malam, karen da ke mana gadi ya tsufa, haƙarƙarinsa duk a waje, ba ya iya cin tuwo. Wasu sun ce in kai shi daji in yar, wasu sun ce in ba shi guba. Mene ne hukunci?

Amsa: Riƙon kare don farauta, kiwo ko tsaron gona ya halatta da nassin hadisi, malamai kuma sun yi ƙiyasin gadin gida a kai. Tunda ka riƙe shi, ciyar da shi wajibi ne a kanka, tsufa ba ya sauke wannan nauyi. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Allah ya gafarta wa mutumin da ya shayar da kare, ya kuma azabtar da matar da ta kulle kyanwa har ta mutu. Yar da shi a daji kisa ne da yunwa, bai halatta ba.

Fara da likitan dabbobi, domin ramar tsohon kare galibi ciwo ne: tsutsar ciki, cutar kaska, ruɓewar haƙori, ciwon ƙoda ko na sukari. Ka ɗaga leɓensa. Idan dasashin ya yi fari fat, jini ne ya yi ƙaranci.

Abinci ya zama mai laushi da ɗumi: shinkafa da ta dahu luguf, dafaffen ƙwai, kifi ko kaza da aka zare wa ƙashi, sau 3 zuwa 4 a rana. Idan ya daɗe bai ci ba, kada a cika masa kwano rana guda, hakan na iya kashe shi. A fara da sulusin abin da ya saba ci, ana ƙarawa cikin mako. Kada a ba shi ragowar miya, domin albasa da tafarnuwa suna fasa ƙwayoyin jininsa. Dafaffen ƙashi yana tsaga hanji. Kada a ba shi maganin ciwon jiki na mutane. Kare mai kilo 15 yakan sha ruwa kusan lita 1 a rana. In ya ninka haka, a gwada ƙodarsa, don abincin mai ciwon ƙoda daban ne.

Idan likita ya tabbatar babu waraka, yana kuma cikin azaba, malamai sun saɓa. Shafi'iyya sun hana kashe shi. Malikiyya kuwa, kamar yadda ya zo a Mukhtasar na Khalil, sun halatta kashe dabbar da ba a cin namanta don a hutar da ita idan an yanke ƙauna daga gare ta. Wannan muke rinjayarwa, da sharaɗin likita ya yi da allura. Gubar ɓera ko duka haramun ne, saboda azabtarwa ce. Allah ne mafi sani.