Amsa ga mai neman ilektirod da ba ya narkewa

Assalamu alaikum jama'a. Ɗan'uwa, na saurari saƙonka har sau biyu. Ka ce kana son narkar da siririyar waya da wutar lantarki, amma duk ƙusar da ka ɗaura a bakin kebul a matsayin ilektirod, wato sandar da wutar ke bi ta shiga wayar, ita take fara yin ja ta lanƙwashe, wayar kuma tana nan, shi ne kake tambayar wane ƙarfe ne ba ya narkewa. To ni a ganina ba nan matsalarka take ba. Abin da ya kamata ka tambaya shi ne, a ina zafin yake taruwa?

Wuta, duk inda ta sha wuyar wucewa, nan take sauke zafinta. Kuma in ka ninka amfiya, wato yawan wutar da ke gudana, sau biyu, zafin sau huɗu yake ninkuwa, tun wajen 1840 masanin kimiyya James Joule ya gano haka. Ƙusar nan taka baƙin ƙarfe ce, turjiyarta, wato yadda take hana wuta wucewa, ta fi ta jan ƙarfe fiye da ninki biyar. In wayar da kake son narkarwa ta jan ƙarfe ce, ka ga ai hita ka haɗa, ƙusar ce hitar. Ga kuma wurin haɗin, na tabbata murɗawa kawai ka yi da hannu, ga tsatsa, ga sako-sako. Nan ma zafi zai zauna.

Jan ƙarfe za ka sa, mai kauri, ka kankare shi ya yi fes, ka ɗaure da noti tamau. Na san wani zai ce ai jan ƙarfe a digiri 1085 yake narkewa, baƙin ƙarfe kuwa sai 1538. Haka ne. Amma je ka dubi injin waldar ɗigo da ake liƙa falankin ƙarfe da shi, bakinsa na jan ƙarfe ne, yana narkar da abin da ya fi shi jure wuta, shi kuma lafiya lau, don ba ya tara zafi, wanda ya shigo masa ma nan take yake kwashe shi ya yi baya da shi.

Kuma don Allah kada a sake kawo mini zancen tongistin, ƙarfen nan mai wuyar narkewa. Mun yi wannan musun a nan kwanaki, wani ya dage wai tunda sai digiri 3422 yake narkewa, shi ne ƙarshen magana. Na yi bayani, aka ce ina hana mutane gwaji. Lambar gaskiya ce, ban musa ba. Amma tongistin in ya yi zafi a fili, iska ce take cinye shi, ba sai ya narke ba. Me ya sa masu walda da shi suke hura masa iskar agon, mai kare shi daga iskar waje? Me ya sa zaren ƙwan fitila irin na da yake rufe cikin gilashi? Fasa gilashin ka kunna, cikin ƙiftawar ido zai yi hayaƙi ya tsinke. Sannan akwai sandar tongistin mai jan baki, wanda aka gauraya da toriyam, sinadari mai fitar da radiyeshin, kashi 2 cikin ɗari, ƙurarsa in ana wasa shi ba abin shaƙa ba ce. Duk na faɗi wannan a lokacin, ba wanda ya dawo ya ce... to, a bar shi dai.

A'a tsaya, bari in gyara. Duk wannan in wutar ta cikin wayar kake son ta bi. In kuwa tartsatsi kake nufi, irin harshen wutar da ke tsalle tsakanin baki biyu, to gawayi ne naka, wato girafait. Shi ba ya narkewa a iskar da muke ciki, sai ya haura digiri 3600 ya fara tashi kamar hayaƙi. Yana cinyewa a hankali, na ɓangaren fozitif, wato mai alamar +, ya fi saurin ƙarewa. Da gawayi masanin kimiyya Humphry Davy ya nuna wannan wutar a farkon shekarun 1800. Amma sai da gilashin walda na gaske, mai duhu lamba 14, hasken nan yana ƙona ido, sai cikin dare za ka ji kamar an zuba maka yashi.

Wayar ma ka duba ta. Mai rufin tutiya, irin mai ƙyallin nan, kada ka ƙona ta. Tutiya a digiri 907 take tafasa, farin hayaƙinta na taɓa shaƙa a ɗaki rufe, na kwana da zazzaɓi da rawar sanyi da ɗacin ƙarfe a baki. Ban so kowa ya ɗanɗana.

Saura inda kake samun wutar, ba ka faɗa ba. In batirin mota ne, bolt 12 ba zai ja ka ba, amma yana iya turo ɗaruruwan amfiya, yana kuma fitar da iskar haidurojin, tartsatsi kusa da shi na iya fasa shi, don haka sa fiyus, cire zobe da agogo. In kuwa taransifomar maikurowef ce, wajen bolt 2000 take bayarwa, taɓawa ɗaya take kashe mutum, ajiye ta kawai. Turo mini hoton haɗin naka da kaurin wayar kafin ka sake kunnawa.