Hukuncin kuɗin data da ake ba matasa don kare ɗan siyasa

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni matashi ne, na gama karatu ban samu aiki ba. Wani abokina ya sa ni a zauren WhatsApp na yaran wani ɗan siyasa a jiharmu. Duk wata ana turo mana kuɗin data da ɗan na kashewa, mu kuma mu riƙa tallata maigida a Facebook da TikTok, duk wanda ya taɓa shi mu yi masa ca. Wani lokaci da sassafe za a turo rubutu ko hoto a kan abokin hamayyarsa, a ce kowa ya ɗora, ba mu san gaskiya ne ko ƙarya ba. Ni kaina asusu uku gare ni, ɗaya da sunan mace. Kuɗin nan halal ne? Kuma sukar mai mulki a fili ba giba ba ce?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya. Zan fara da tambayarka ta biyu, domin a kanta ta farkon take tsaye.

Giba haramun ce da nassin aya ta 12 a Suratul Hujurat, kuma hawa kujera ba ya halatta naman mutum. Sai dai malamai sun ware wurare shida da ambaton aibin mutum ya halatta, Imam Nawawi ya jero su a Riyadus Salihin. Daga ciki akwai kukan wanda aka zalunta, da neman taimako don gusar da ɓarna, da gargaɗin Musulmi. A ƙarƙashin gargaɗin ya kawo mutumin da aka ba shugabanci ba ya tsayuwa da shi yadda ya kamata, ya ce wajibi ne a faɗa wa wanda yake da ikon cire shi. To, a tsarin da muke ciki, wa ke cire gwamna ko ɗan majalisa? Mai katin zaɓe. Saboda haka sanar da jama'a cewa asibitin garinsu babu magani, ko an biya kuɗin kwangilar titi ba a yi ba, ko 'yan fansho sun yi watanni ba a biya su ba, ya shiga wannan babin matuƙar gaskiya ne. Faɗimatu 'yar Ƙaisu ta nemi shawarar Annabi (SAW) a kan masu neman aurenta, ya faɗa mata aibin biyu daga cikinsu, bai ɓoye ba. Idan an yi haka saboda auren mace ɗaya, ina ga wanda zai riƙe baitulmalin miliyoyin mutane shekara huɗu?

Na san akwai malaman da suke ganin nasiha ga shugaba a asirce kawai ake yin ta, suna kafa hujja da maganar Usama ɗan Zaidu a kan yadda yake yi wa Sayyidina Usman magana tsakaninsu su biyu. Hujja ce mai ƙarfi, kuma ga wanda ƙofar shugaba take buɗe masa, ita ce ta fi. Amma a Sahihu Muslim, lokacin da Marwan, gwamnan Madina a wancan zamani, ya gabatar da huɗuba kafin sallar idi, wani mutum ya miƙe a bainar jama'a ya ce salla ce farko, Abu Sa'idul Khudri ya ce wannan ya sauke abin da ke kansa. Abin da na fi natsuwa da shi: laifin da aka yi a fili, a kan haƙƙin jama'a, ana iya yin inkarinsa a fili, da ilimi da ladabi, ba tare da tunzura mutane su ɗauki makami ba. Amma matarsa, da mahaifiyarsa, da asalinsa, da ciwon da ke jikinsa, babu ruwan mai zaɓe da su. Jifansa da zina kuwa ƙazafi ne mai bulala 80, ko da baki aka yi ko da babban yatsa.

Sai batun kuɗi. Abin da ke tsakaninka da maigidanka ijara ce, wato ƙwadago, kuma sharaɗinta a wurin malamanmu na Malikiyya da sauransu shi ne aikin da aka ɗauke ka dominsa ya zama halal. Da an ce ka riƙa yaɗa ayyukansa na gaskiya, ka mayar da martani da hujja, mutane kuma sun san kai ɗan gidansa ne, da ladanka halal ne kamar na kowane jami'in yaɗa labarai. Sojojin baka na gidajen rediyo ma hukuncinsu ke nan. Amma abin da ka siffanta ya wuce haka.

Rubutun nan da ake turo muku da sassafe shi ya fi tayar min da hankali. Bukhari ya ruwaito daga Samura ɗan Jundub mafarkin da Annabi (SAW) ya ga wani mutum ana tsaga masa baki har ƙeya, aka ce masa shi ne wanda yake fita daga gida da safe ya yi ƙarya ta kai sasannin duniya. A da sai ka yi ta tunanin yadda ƙaryar mutum ɗaya za ta yi wannan nisa. Yanzu ko daga kan katifa ba sai ya sauka ba. Kuma waɗannan manhajoji an gina su ne su ɗaga abin da ya fi jawo sharhi da musu, shi ya sa ƙage yake gudu, gyaransa yana ɗingishi a baya. Mun ga yadda maganar Jibrin na Sudan, wato jita-jitar cewa shugaban ƙasa ya rasu an maye gurbinsa da wani mai kama da shi, ta kai sai da marigayi Shugaba Buhari ya fito a Disambar 2018, yana ƙasar Folan, yana cewa shi ne da kansa. Wannan ta ba da dariya. Wadda ba ta ba da dariya ba ita ce ta Filato a watan Yunin shekarar: binciken BBC ya nuna wasu hotunan gawarwaki da aka yaɗa a Facebook ba ma a Najeriya aka ɗauke su ba, 'yan sanda kuma suka ce sun ƙara rura wutar ramuwar gayya. Rubuta "kamar yadda aka turo min" ba ya wanke kowa. Waɗanda Allah ya zarga a aya ta 15 ta Suratun Nur ba su suka ƙirƙiri ƙazafin Nana A'isha ba, karɓa kawai suka yi da harsunansu suna miƙawa.

Asusun bogi kuwa, a fiƙihu ɗan'uwan najashi ne, wanda Annabi (SAW) ya hana. Ka san yadda ake yi a kara: dillali ya ajiye yaransa biyu suna taya wani bijimin sa, suna ƙara kuɗi, alhali ko akuya ba za su saya ba, don dai baƙo ya ɗauka sa na da farin jini. Idan mutum ashirin suka buɗe asusu uku-uku, mai karatu zai ga mutum sittin sun haɗu a kan magana ɗaya, har da mata, ya gina ra'ayinsa da ƙuri'arsa a kan taron da babu shi. Wannan ha'inci ne, kuma ya fi na kara muni, tunda abin da ake sayar wa mutane shugaba ne.

Yin ca a kan wanda ya faɗi gaskiya ba ya bukatar dogon bayani. Abu Dawud ya ruwaito cewa wanda ya yi husuma a kan ɓata yana sane, ba zai gushe cikin fushin Allah ba har sai ya daina. Ka kuma auna zuciyarka da hadisin mutum ukun da Allah ba zai yi musu magana ba ranar ƙiyama, cikinsu har da wanda ya yi wa shugaba mubaya'a don abin duniya, in an ba shi ya cika, in an hana shi ya saɓa. In data ta tsaya wata biyu, gidan wa za a gan ka?

Hukunci dai shi ne: idan sharaɗin zama a zauren shi ne ɗora duk abin da aka turo, wannan ijara ɓatacciya ce, kuɗinta haramun ne, zunubin mai biya kuma ya fi naka. Idan za su yarda ka yi aiki da sunanka na gaskiya, ka ɗora abin da ka tabbatar kaɗai, ka ci gaba. In sun ƙi, ka fita. Ka rufe asusun nan biyu, ka goge ƙagen da ka ɗora, ka rubuta a wurin da ka ɗora shi cewa ba ka da tabbas a kansa, wanda za ka iya neman yafiyarsa ba tare da fitina ba ka nema. Kuɗin da ka san na ƙarya ne, in akwai saura a hannunka ka ba mabuƙata. In ka riga ka cinye kana cikin rashi, tuba ta gaskiya ta wadatar maka a wurin wasu malamai, kuma da wannan nake ba ka fatawa. Allah ya buɗa maka ta hanyar halal. Wallahu a'alam.