Kumburi da tsukewar loɓa: amsoshin likita

Tambaya: Likita, ɗana shekararsa 2, ba a yi masa kaciya ba tukuna, kuma loɓarsa ba ta ja baya. In riƙa ja masa lokacin wanka?

Amsa: A'a, baiwar Allah, ki ƙyale ta. Kusan kowane jariri da loɓarsa manne da kan gaba ake haihuwarsa, kuma da kanta take sakewa. Wani yana shekara 3, wani sai dab da balaga. Jan ƙarfi yana tsaga fatar, ta warke da tabo, tabon kuma shi ke jawo tsukewar gaske. Ki wanke wajen da ruwan ɗumi kawai. Amma idan fitsari na fita da ƙyar, ko bakin loɓar ya yi fari ya taurare kamar zobe, a kai shi asibiti. Galibi man betamethasone, sau 2 a rana har mako 4 zuwa 8, yakan sassauta ta. In ta ƙi, sai kaciya.

Tambaya: Shekarata 48. Kan gabana yana ja da ƙaiƙayi, ga wani farin abu a ƙarƙashin loɓa. Sau 3 ke nan ina magani yana dawowa.

Amsa: Malam, dawowar nan ta fi ƙaiƙayin damuna. Alamun sun yi kama da na kandida, wata ƙwayar cuta mai kama fata, man clotrimazole kuma yakan kashe ta cikin mako 1 zuwa 2. Sai dai sukari a fitsari abincinta ne, kuma maza da yawa ta wannan hanyar ake gano suna da ciwon suga. Je ka a auna jininka. Ka daina wanke wurin da sabulu mai ƙamshi ko Dettol, ƙara ɓata fatar suke yi. Ruwa, sannan ka tsane. Idan uwargida ma na ƙaiƙayi, a duba ta. Gyambo ko wani ruwa da ke fita ta hanyar fitsari kuwa, wannan sai gwajin cututtukan saduwa.

Tambaya: Na ja loɓata baya, ta maƙale a bayan kai, tun jiya yake kumbura.

Amsa: Ɗan'uwa, asibiti yanzu, kada kunya ta kai ka gobe. Fatar ta shaƙe jini ne, jinkiri na iya kashe naman. Likita zai sa maganin kashe zafi, ya matse kumburin ya mayar da ita. In ta gagara, ya ɗan tsaga ta, daga baya a yi kaciya.